Daminar da Muka So Mayar da Kano Garin Kwalejoji

Shekaranjiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi na bana a Fagge. Ina zaune a ofis na ji iska ta juya, ta shigo da ƙamshin ƙasa gauraye da warin kwata, haɗin da duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san shi. Kafin la'asar ruwa ya kwanta a ƙofar kwaleji, ɗalibai mata suka tattare fararen rigunansu suna tsallakawa a kan bulon da maigadi ya jera. Na tsaya a taga ina kallonsu, sai na ji maƙogwarona ya bushe, alhali ga ruwan sha a gabana, kuma azumin bana ya wuce tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Wani azumin ne ya faɗo mini, na shekarun baya, wanda ya zo a tsakiyar damina, shekarar da aka ɗora mini shugabancin Haɗakar Kwalejoji.

Ni nake riƙe da wannan ƙaramar kwaleji ta koyon aikin lafiya tun kafuwarta. A wancan lokacin akwai ire-irenmu nan da can, a Kano da Jigawa da Katsina, kowacce da inda take ɗingishi. Mai malamai ba ta da kayan aiki, mai kayan aiki ba ta da wurin ajiye su, mai gini kuma ba ta da littattafai.

Abin da ya fara hana ni sukuni a tashar mota ta Sabon Gari na gan shi. Na raka wata ƙawata za ta sa ɗanta a mota zuwa Kwatano karatu. Na tarar da tashar maƙil da yaran Kano, kowa da akwatinsa da katifarsa a naɗe, iyaye mata suna share hawaye da bakin mayafi. Na tambaye ta me yaron zai karanta. Da ta faɗa sai na riƙe baki, domin abin da ake koyarwa ne a wata kwaleji da ke bayan tashar, ko abin hawa ba sai ya nema ba.

Ta ce, "Ni ban san akwai ba. Kuma ko na sani, Binta, wa ya san darajar takardarku?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Daga tashar ban nufi gida ba, na zagaya wannan kwalejin da ke baya, na nemi ganin mai ita. A nan na fara sanin Alhaji Razaki. Kakansa ne ya zo daga Ilori da fatauci, shi kuwa da ubansa duk a Sabon Gari aka haife su. Hausa a bakinsa har da karin maganar da ni ban sani ba. Yana koyar da kwamfuta da aikin akanta, ya kuma buɗe sashen gwaje-gwaje da ba shi da kayan kirki. Ni ina da kayan, suna cikin kwalaye don ba ni da ɗaki. Shi yana da babban ɗaki a ƙasan benensa, ga janareta. Ba mu daɗe da zama ba muka gane juna.

Na uku shi ne Dakta Habibu, shugaban wata kwalejin horar da malamai. Ɗan babban gidan malamai ne daga wani gari na arewacin Kano, mutum mai sanyin murya da ba ka taɓa jin ya ce a'a. Ɗakin karatunsa ya fi na kowa, domin har da littattafan da ya gada. Da muka je masa da maganar ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Wannan ai jihadi ne. Littattafaina naku ne."

Daga nan muka jawo sauran, har da na Katsina da na Jigawa. Aka tsayar da magana a kan cewa za mu haɗa ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu guda a ginin Alhaji Razaki, ɗalibin kowace kwaleji ya shiga. Za mu riƙa aron malamai a tsakaninmu. Sannan mu yi babban baje koli, mu kira iyaye su gani da idonsu cewa Kano ba kasuwa kaɗai ba ce, garin kwalejoji ce. Dole kuma a yi shi kafin Sallah, domin a cikin azumin ne sakamakon jarrabawar sakandare yake fitowa a shekarar, iyaye su yanke shawara, bayan Sallah motoci su kwashi yara.

Da aka zo zaɓen shugaba, ni kaɗai ce mace a ɗakin. Aka yi ta kallon-kallo, sai wani ya ce a ba Hajiya, kowa ya ce ya yi. Na koma gida ina jin kaina a sama. Maigidana, wanda ke sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Allah Ya taya ki riƙo. Amma ki sani ba son ki ne ya yi musu yawa ba. Kowannensu ya gwammace ya gan ki a kujerar da ya ga ɗan'uwansa."

Na ji haushin maganar. Ban san karatu ya yi mini ba.

Aka ga wata ana cikin marka. Wanda bai yi azumin damina ba zai zaci sauƙi ne da shi, tunda babu ranar nan ta bazara mai ƙona tafin ƙafa. Ba haka ba ne. Yini ne dogo kamar ba zai ƙare ba, ga wani irin zafi mai danshi da ke sauka idan hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa. Zufa ta jiƙa ka ta ƙi bushewa, kaya su manne a jiki, iska ta tsaya cik. Ruwa a ko'ina, a sama da ƙasa, yana zuba daga indararo, kai kuwa ba halin ka kurɓa.

A Kwaciri muke zaune, tare da Inna, mahaifiyar maigidana. Shekarar an yi ƙarancin kananzir, sai a wuni a layi a dawo da galan ba komai. Muka koma gawayi, shi ma ya sha danshi. In na tashi dafa sahur sai na yi ta fifita da murfin tukunya, hayaƙi ya cika tsakar gida, idanu su yi jawur, wutar ta kama ta mutu. Wutar lantarki kuwa da an ga walƙiya a gabas an ɗauke ta ke nan. Tumatir ya yi wuya, wanda ake samu ma rabinsa ya ruɓe, muka koma busasshe. Ashana sai an ɗumama ta a hammata kafin ta kama. Shanya takan kwana ta wuni ba ta bushe ba, kayan makarantar yara suna warin danshi.

Inna ce ke riƙe da kunun tsamiya, ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Ni kuma ƙosai da abincin dare. Tun da safe nake jiƙa wake in surfa, a kai niƙa, in fita aiki da lissafin cewa lallai in dawo kafin rana ta yi ja. Yanzu da gas da injin markaɗe a kicin, ga hasken sola, 'ya'yana mata in na ba su labarin nan sai su yi dariya kamar tatsuniya nake musu.

A cikin wannan hali nake zagayen Haɗaka. Taro bayan azahar muke yi, a ofishin Alhaji Razaki. In hau adaidaita sahu daga Fagge, mu shiga Sabon Gari ruwa na dukan cikin keken, direba yana laluben inda kwata take da inda titi yake. In isa gefen zanena a jiƙe, in tarar da rabin mutane ba su zo ba. Waɗanda suka zo kuma kowa na duban agogo, kada tafsiri ya wuce shi. Ni ma ina duban nawa, amma saboda ƙullun ƙosai, kuma ba ni da bakin faɗa.

Zama na farko a kan take ya ƙare. Da na ce "Kano, Garin Kwalejoji", sai wakilin Katsina ya gyara zama.

"To mu da muka taso tun daga Katsina, garin wani muka zo tallatawa?"

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, Kano ce mahaɗa. Ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram nan suke fara sauka. In sun zo, a bakinmu za su ji labarinku, mu turo muku."

"Ku turo mana ragowa ke nan."

Da ƙyar Alhaji Razaki ya lallashe shi. Zama na biyu kuma a kan allon talla aka yi shi: sunan wa zai zo a sama? Na ce a jera bisa haruffa, a huta. Dakta Habibu ya ɗaga yatsa a hankali.

"Ranki ya daɗe, shawara ce mai kyau. Sai dai haruffan wa? Na boko ko na Larabci?"

Sai daga baya na lura cewa in aka bi na Larabci, sunan kwalejinsa ne ke farawa da alif. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira la'asar. Mutane masu digiri, masu furfura, bakinsu a bushe da ƙishirwa, suna kashe sauran yawunsu a kan alif da ba. Na kalli takardar da na zo da ita, mai maganar yadda ɗalibi zai fara karatu a wata kwaleji ya ƙarasa a wata. Ko buɗe ta ba a yi ba.

Ga kuma wani ofishi da ba sai na kira suna ba, inda muke neman izinin fili da kuma babban jami'in da zai buɗe mana taro. In na je da safe a ce Oga bai iso ba. In na koma da rana a ce yana ganawa. Wata rana na zauna a benci tun hantsi har kaina ya fara sarawa, sai sakatarensa ya leƙo ya ce, "Hajiya, da kin bari sai bayan Sallah. Yanzu ai kowa ta ibada yake."

Na ce, "Bayan Sallah yaran sun tafi."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki.

Fili dai a ƙarshe mai unguwarmu ne ya samo mana, na wata firamare a Fagge. Maigidana ya roƙi abokansa 'yan Kwari suka ara mana tamfol da kujeru. Ɗakin da ke ƙasan benen Alhaji Razaki kuwa ya fara kyau. Na kwaso kayana kaf daga kwalaye, na'urorin duba jini da na hangen ƙwayoyin cuta da kwalabe, muka jera. Alhaji Razaki ya sauko da kwamfutoci. Kafinta ya kafa kantoci a jikin bango don littattafan Dakta Habibu. Kullum na tambaya sai Dakta ya ce, "In sha Allahu gobe mota za ta kawo." Kantocin suka zauna wayam.

Ana saura 'yan kwanaki baje koli aka yi ruwan da har yau tsofaffin Sabon Gari ke tunawa. Tun safe garin ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, sai iska, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Alhaji Razaki ne, muryarsa sama-sama.

"Hajiya Shugaba, ruwa ya shigo! Kwata ta cika ta juyo mana ciki!"

Babu mai adaidaitar da ya yarda ya shiga Sabon Gari. Na cire takalmi na riƙe a hannu, ni da malamai biyu da ɗaliban da suka biyo mu, muka ratsa da ƙafa. Ruwa har gwiwa, baƙi, ɗauke da leda da ɓawon rake da abin da ba a faɗa. Da muka isa na tarar da Alhaji Razaki ya naɗe wando, ya tuɓe babbar riga, yana tsaye a tsakiyar ɗakin rungume da na'ura kamar jariri. Kujeru na yawo a kan ruwa.

Ba wanda ya ba da umarni, layi ya haɗu da kansa. Ɗalibaina da nasa, da ba su taɓa gaisawa ba, suka jeru daga ɗakin har matattakala, ana miƙa kaya hannu da hannu. Wasu suka kama bokiti da kwano suna kwarfar ruwa, suna zubarwa yana dawowa. Masu shagunan kayan wuta da ke gefen ginin, 'yan ƙabilar Ibo, suka rufe shagunansu suka shigo. Babbansu ya dube mu ya ga yadda muke haki, ya ce da Hausarsa, "Ku masu azumi ku tsaya ƙasa ku miƙo. Hawa bene namu ne." Haka suka yi ta hawa da sauka da kwamfutoci a ka.

Ban taɓa jin ƙishirwa irin ta ranar ba. Ina tsaye cikin ruwa, ruwa na zuba a kaina daga rufin baranda, harshena kuwa kamar busasshiyar fata. Wata ɗaliba jiri ya ɗebe ta, muka zaunar da ita a matattakala muna mata fifita. Ta ƙi karya azumin. Da ƙarfina ya ƙare sai na daina karɓar kwalabe, don kada in fasa.

Magariba ta same mu a nan. Alhaja, matar Alhaji Razaki, ta sauko daga sama da tire: dabino, alala mai zafi a ganye, kunu a babban kwano, da ruwa a buta. Muka zauna a kan matattakala a jere, jiƙe sharkaf, malami kusa da ɗalibi, mai shago kusa da mai kwaleji. Kurɓar farko da na yi na ji ta har cikin yatsun ƙafata. Wani ɗalibi ya ce a dole sai maƙwabtan nan sun ci, ai sun fi kowa aiki. Aka yi ta dariya. Na dubi mutanen nan na ce a raina, to ai ga Haɗakar nan, ta haɗu. Yawancin kayan sun tsira. A daren na koma gida na tarar Inna ta soya ƙosan da kanta, ba ta ce mini komai ba sai, "Sannu 'yar nan. Je ki sa busassun kaya."

Shugabannin sauran kwalejojin kuwa babu wanda ya leƙo, ko a ranar ko washegari. Sai saƙon jaje a waya.

Kwana biyu bayan haka ina tsugune gaban kasko da yamma, rediyon Inna na gefe tana jiran tafsiri, sai na ji mai sanarwa ya ambaci takenmu. Na ɗago. Ana gayyatar iyaye zuwa bikin "Kano, Garin Kwalejoji", a harabar kwalejin Dakta Habibu, a ranar da muka sa, a lokacin da muka sa. Babban baƙo kuma shi ne jami'in nan da na gaji da zaman bencinsa. Ba a ambaci Haɗaka ba ko sau ɗaya.

Ƙosan da ke cikin mai ya ƙone ƙurmus. Inna ce ta janye kaskon.

Da sassafe na tafi wurin Dakta Habibu. Na same shi zaune a kan darduma a ofis, ga kwalayen littattafai a ɗaure a gefe, da sunan Haɗaka a jiki da rubutun hannunsa. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi maigidana da Inna da yara, ya yi mini jajen ruwa.

Na ce, "Dakta, me na ji a rediyo?"

"Ranki ya daɗe, ai duk ɗaya ne. Da na ji ruwa ya ci ɗakin, sai na ji tsoron kada a kunyata a gaban baƙi. Shi kuma Oga abokin karatun yayana ne, da na yi masa magana ya ce nan zai fi masa sauƙi. Ku taho nan gaba ɗaya mana, ga wuri."

"A matsayin me za mu taho? Baƙinka?"

Ya ɗauki carbinsa yana ja.

Na nuna kwalayen. "Waɗannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin san ba ni kaɗai ke da su ba. 'Yan'uwa sun zauna. Sun ce littattafan kakanmu ba za su kwana a Sabon Gari ba."

Maganganu suka taso mini har baki, masu zafi, waɗanda na san in na sake su ba za su komu ba. Na tuna da abin da ke bakina. Na miƙe na ce, "Ina azumi, Dakta." Na fita. Har na kai ƙofa ina jin yana cewa a gaida maigida.

Na so in ɓoye wa Alhaji Razaki maganar littattafan, amma ya matsa. Dole na faɗa masa. Yana goge wata kwamfuta da tsumma, ya ci gaba da gogewa a wuri ɗaya.

Can ya ce, "A layin nan aka binne cibiyata, Hajiya. A masallacin can na sauke Alƙur'ani. Littafi ne ba zai kwana a nan ba?" Ya ajiye tsumman. "Mu yi namu. Ko mu biyu ne."

Ranar baje koli gari ya waye da lumshi. Mun kafa tamfol tun jiya, ɗalibai sun share fili sun zuba yashi a inda ruwa ya kwanta. Kowace kwaleji da teburinta da sunanta a kai. Hantsi ya yi, tebura fiye da rabi ba kowa. Na Katsina ya aiko cewa hanya ta lalace. Sauran kuwa an gan su a can, a sahun gaba, inda Oga da masu ɗaukar hoto suke.

Iyaye sun zo, amma kaɗan, yawancinsu 'yan Kwari da maigidana ya bi shago-shago ya gayyato. Na tashi na yi jawabin da na kwana biyu ina shiryawa. Lasifika tana yankewa, ina haɗiyar yawun da babu. Na yi maganar gari mai kwalejoji da yawa da ƙofa ɗaya, inda yaro zai shiga nan ya yi gwaji, ya je can ya yi karatu, takardarsa ta fito da darajar dukkanmu. Ina faɗa ina kallon kujerun da ba kowa, ruwan jiya na ɗiga a kansu daga tamfol.

Da na gama, wani dattijo ya ɗaga hannu. Alhaji Sule ne, maƙwabcin maigidana a kasuwa, mai sayar da shadda. Ya zo da 'yarsa, tana zaune gefensa riƙe da sakamakon jarrabawarta a cikin leda.

Ya ce, "Hajiya, na ji bayani, kuma ya yi daɗi. Ni ɗan kasuwa ne, tambaya ɗaya gare ni. Yarinyar nan na riga na yi mata maganar makaranta a waje, uwarta kuwa kuka take ba ta so ta yi nisa. In na bar ta a nan, abin da kika faɗa ɗin nan, na ɗakin karatu da malamai da takarda mai daraja, yana nan? Ko za a yi ne?"

Yarinyar ta ɗago tana kallona, kuma na ga abin da take so in ce. Maigidana ma yana kallona daga baya. Da na ce yana nan, ba mai ƙaryata ni a wurin. Na dubi teburin da ke ɗauke da sunan kwalejin Dakta Habibu, iska ta kifar da takardar sunan.

Na ce, "Alhaji, ɗakin gwaje-gwaje yana nan, kana iya zuwa ka gani yau. Sauran kuwa, ba zan ce maka yana nan ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Allah Ya saka da alheri da kika faɗi gaskiya." Ya miƙe, ya ce wa 'yar su tafi. Ta bi shi tana waiwaye. Ba a jima ba hadari ya taso, sauran mutanen suka watse, muka kama naɗe tamfol a guje.

A hanyar gida maigidana bai ce "na faɗa miki" ba, kuma na gode masa. Da aka sha ruwa na kasa cin komai. Inna ta tura mini kofin kunu gabana ta ce, "Sha. Ba a fushi da abin buɗa baki."

Bayan Sallah motoci suka yi lodi kamar kullum. 'Yar Alhaji Sule tana ciki. Bikin Dakta Habibu ya fito a jarida da hoton Oga yana yanka kirtani, daga nan ba a sake jin taken ba, ko a bakin Dakta. Shi ba garin yake so ba, ɗaliban shekarar yake so, kuma ya samu.

Na kira taron Haɗaka na bayan Sallah, don a zauna a faɗa wa juna gaskiya. Kowa ya ce in sha Allahu. Alhaji Razaki ya sa aka jera kujeru a ɗakin da ya bushe, alamar ruwa tana nan a bango kamar an ja layi. Alhaja ta dafa shinkafa da miya ta mutum goma sha. Muka zauna ni da shi, muna jin ƙarar janareta. Azahar ta wuce. Duk motsin da aka yi a ƙofa sai mu ɗaga kai.

Da na ga la'asar ta kawo jiki na ɗauki jakata. Sai ya ce, "Hajiya Shugaba, ba ki buɗe taro ba."

"In buɗe wa wa, Alhaji? Kujeru?"

"Ki buɗe dai. Ni na zo."

Na koma na zauna. Na yi bismilla, na ce an buɗe taro. Ya ce yana da shawara: ɗalibaina su riƙa zuwa ran Talata su koyi kwamfuta, nasa kuma malamaina su koya musu gwaje-gwaje ran Alhamis. Na ce akwai mai ja? Ya waiga dama da hagu da gaske, ya ce babu. Sai muka kama dariya, irin wadda ke kusa da kuka. Shinkafar kuwa aka kira ɗalibai da masu shagunan gefe suka cinye.

Yau shugabannin kwalejoji muna da zaure a waya, ba mai buƙatar ratsa kwata kafin ya yi magana da ɗan'uwansa. Kullum da asuba sai an turo addu'o'i da barka da Juma'a. Maganar haɗa ɗakin karatu kuwa, na taɓa jefa ta sau ɗaya, aka yi mini shiru har wani ya turo sanarwar ɗaurin aure.

Alhaji Razaki ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ɗansa ne ke riƙe da kwalejin. Har gobe ɗalibaina na zuwa ran Talata, nasu na shiga ran Alhamis, ba a taɓa fashi ba. Mutane kan ce mini ai wannan ma nasara ce, in gode wa Allah. Ina godiya. Amma ni gari na nema, aka ba ni ɗaki ɗaya.